Wace Riga Za A Sa In An Ce "Zo Mu Ɗan Tattauna"?

Kowace damina masu binciken aikin gona sukan nemi mataimaka: masu auna tsawon dawa, masu ƙirga zangarniya, masu zagaya ƙauyuka da takardar tambayoyi. Cibiyar bincike ta Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da tashar IITA ta Kano, da ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, duk irin aikinsu ke nan. Sau da yawa ba a kafa kwamiti don ɗaukar mataimaki. Mai binciken yakan aiko a ce, "Ya zo ran Talata mu ɗan tattauna." Daga nan sai hankalin gida ya koma kan tufafi.

Mun ga saurayin da ya ari kwat da nektai ya tafi cikin zafin Afrilu, gumi har ƙeya. Mun kuma ga wanda ya ji kalmar "tattaunawa" ya tafi da rigar ƙwallo da silifa. A ganinmu duka biyun sun yi kuskure, amma na mai kwat ya fi ba mu tausayi, gama shi har ɗawainiya ya yi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu tuna abin da mai binciken yake dubawa. Yana neman wanda zai aika wurin manomi, ya zauna bisa tabarma, ya tambaye shi dami nawa ya samu bara. Manomi kuwa in ya ga baƙo cikin kwat da biro a hannu, sai ya tuna da haraji, ya rage lissafi, ko kuwa ya zaci rabon taki ne, ya ƙara yawan gonakinsa. Ko ta yaya, abin da aka rubuta ya ɓaci, wahalar shekara guda ta tafi a banza. Saboda haka shigar da ba za ta firgita manomi ba, ita ce za ta kwantar da hankalin mai ɗaukar aiki.

Shawararmu ga samari: kaftani mai sauƙi da hula, ko taguwa mai maɓalli da wando, wankakku, gogaggu. A bar babbar riga sai ranar biki. Ga 'yan mata, riga da zani na atamfa da ɗankwali sun isa, mayafi kuma wanda ba ya jan ƙasa. Kada iyaye su sayar da akuya don ɗinka sabuwar shadda. Ba a san ko za a sami aikin ba, akuya kuwa ta riga ta tafi.

Abin da aka fi mantawa shi ne takalmi. Irin wannan hira ba ta cika ƙarewa a ofis ba. Mai binciken yana iya miƙewa ya ce, "Mu je ka ga gonar gwaji." Can akwai ƙarangiya da taɓo, ga tsallake kunya-kunya. Takalmi mai tsini ba ya wannan tafiya, silifa ma haka. In ɗakin gwaje-gwaje ne, yawanci ba a yarda a shiga sai da rufaffen takalmi, saboda magunguna masu ƙona fata da fasassun kwalabe.

In kana shakka, ba abin kunya ba ne ka tambayi wanda ya kira ka ko za a fita gona ranar. Ka riƙe biro da ƙaramin littafi a aljihu, ka kuma isa da wuri domin ka sami damar kakkaɓe ƙurar mota kafin a kira ka.