Hoton ɗanki, ina yake kwana bayan kin gyara shi?

Kun saba ji na ina magana a kan zazzaɓi, rigakafi da abincin yaye. Yau zan ɗan kauce, amma ba nisa zan yi ba, domin maganar ta tsaron yaranmu ce, kuma daga kaina ta fara.

Kwanakin baya ƙanwata ta haihu, aka ɗora mini aikin katin suna tunda ni aka sani da iya waya a gidanmu. Na ɗauki jaririyar hoto, na buɗe manhajar da na saba gyaran hoto da ita, na rubuta sunan uban, ranar suna, da kwatancen gida har da launin ƙofa. Saura in cire zanin gadon da ke bayanta in sa furanni, sai data ta ƙare. Manhajar ta tsaya cak, wai sai na haɗa da intanet. Na sayi data na ƙarasa, kowa ya yaba.

Sai da na kwanta tambayar ta zo mini. Hoton yana wayata, manhajar tana wayata, to me ya kawo intanet a ciki? Amsar ita ce ba a wayata ake aikin ba. Hoton ake turawa zuwa kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, a gyara shi can, a dawo mini da shi.

Abin da ya hana ni barci ya fi katin suna nauyi. Mako guda kafin nan na yi amfani da wannan manhajar wajen gyara hoton wani yaro mai ƙuraje, domin in nuna wa mata ranar awo. Na nemi izinin mahaifiyarsa, na yi mata alkawarin rufe fuskarsa, kuma na rufe. Amma kafin in rufe, sai da na danna wurin da ke ƙara wa hoto haske da kansa don ƙurajen su fito sosai, kuma shi ma wannan wurin ba ya aiki sai da intanet. Ke nan hoton ya fita da fuskar a buɗe. A makarantar koyon jinya an horar da mu cewa ko fayil ɗin majiyyaci ba a barin sa a buɗe a kan tebur. Ga ni da hannuna na aika hoton ɗan mutane inda ban sani ba.

'Yar uwa, ba ni kaɗai na taɓa shiga wannan damuwar ba. Manyan masu zane da masu ɗaukar hoto na duniya sun riga ni. A farkon watan Yunin 2024, masu amfani da Photoshop, manhajar kamfanin Adobe na Amurka, sun buɗe ta suka tarar da sanarwa: sai sun amince da sharuɗɗan da aka sabunta kafin su ci gaba da aiki. A cikin sharuɗɗan akwai cewa kamfanin na iya duba abin da mutum ya ɗora, ta hanyar na'ura ko ta idon ma'aikaci. Hankalin mutane ya tashi, musamman waɗanda ke riƙe da ayyukan sirri na abokan cinikinsu. Kamfanin ya fito ya ce ba ya horar da ƙirƙirarriyar basirarsa mai haɗa hotuna da ayyukan masu amfani da shi, kuma bai mallaki aikin kowa ba. A cikin watan ya sake rubuta sharuɗɗan. Wani bayani da ya yi shi ne ya fi ɗaukar hankalina: abin da ke ajiye a kwamfutar mutum ba ya duba shi, wanda aka ɗora a rumbunsa na intanet shi ake iya tantancewa.

Wataƙila ki ce ke ina ruwanki da Photoshop. To, CapCut fa, da ake haɗa bidiyon biki da na zagayowar ranar haihuwa da ita? Ta kamfanin ByteDance ce, mai TikTok. A watan Yunin 2025 an yi ta cece-kuce a kan sharuɗɗanta, saboda sun ba kamfanin izini mai faɗi na amfani da abin da aka ɗora a rumbunsa, a ko'ina a duniya, ba tare da biyan mai shi ba.

A yi adalci. Irin wannan rubutun ba yana nufin wani na zaune yana kallon hoton 'yarki ba. Wani ɓangarensa kamfani yana buƙata don ya iya ajiye hoton ya sarrafa shi. Matsalar ita ce ke ba ki da hanyar tabbatarwa. Alkawari kawai kike riƙe da shi, kuma mai alkawarin yana iya sauya sharuɗɗa, ko ya sayar da kamfanin gaba ɗaya. An kuma taɓa karya irin wannan alkawarin. A 2021 hukumar FTC mai kare masu sayayya a Amurka ta zargi kamfanin Everalbum, mai manhajar ajiye hotuna ta Ever, da riƙe hotunan mutanen da suka rufe asusunsu, da kuma amfani da hotunan jama'a wajen gina fasahar gane fuska. A sulhun da aka yi, sai da aka sa shi goge hotunan da fasahar da ya gina da su.

Hoton da ya fita kuwa da wuya ya dawo. A 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta gano hotunan yara 170 na ƙasar Brazil da 190 na Ostareliya a cikin wani makeken tarin hotuna da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da shi. Daga shafukan intanet aka kwaso su, wasu har da sunayen yaran, kuma iyayen ba su sani ba.

Wannan ne ya sa na koma ga abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Bari in kwatanta miki da aikina. Akwai maganin da aka rubuta sinadaransa a jikin kwali, akwai kuma wanda mai talla ke zubawa a kwalba ba rubutu, ya ce ki yarda da shi kawai. Ke ba za ki iya gwada sinadarin da kanki ba, amma tunda a rubuce yake, masana za su iya, kuma in da ha'inci za su tona. Haka buɗaɗɗiyar manhaja take. Umarnin da aka gina ta da shi a fili yake, duk mai ilimin abin zai iya karantawa ya ga ko tana aika wani abu waje.

An ga amfanin hakan a aikace. A 2021, bayan wani kamfani mai suna Muse Group ya karɓi Audacity, manhajar gyaran sauti, an kawo shawarar sa mata abin da zai riƙa tattara bayanan yadda ake amfani da ita. Da yake a fili ake aikin, mutane suka gani tun kafin a fitar, suka yi ca, aka janye shawarar. Haka a ƙarshen 2023 aka sayar da jerin manhajojin waya na Simple Mobile Tools ga wani kamfani. Masu sa kai suka ɗauki umarnin da ke buɗe suka ci gaba da shi da sabon suna, Fossify, ba talla a ciki. Da rufaffiyar manhaja ce, sai dai a haƙura.

Ga abin da nake amfani da shi yanzu. A wayar Android ina da Fossify Gallery, wadda nake yanke hoto, in juya shi, in shafe fuska da ita. Ina da Image Toolbox don rage nauyin hoto, sa rubutu, da goge bayanan da ke ɓoye a cikinsa. Akwai kuma Open Camera ga mai son manhajar ɗaukar hoto marar talla. Ana samun su a Play Store, ana kuma samun su a F-Droid, wato kasuwar buɗaɗɗun manhajoji da ke nan tun 2010. In akwai kwamfuta a gida, GIMP tana yin yawancin gyaran hoton da iyali ke buƙata. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995, kuma a watan Maris na 2025 aka fitar da sabon zubinta na 3.0. Inkscape ita ce ta katin gayyata da fosta, Kdenlive ta haɗa bidiyo, Krita kuma ta yaron da ke son zane. Duka kyauta ne, ba kuɗin wata, ba sai kin buɗe asusu da lambar wayarki ba.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Ba za ki tarar da ɗaruruwan katunan da aka riga aka tsara, ki sa suna kawai ki wuce ba. Fosta ta farko da na yi da Inkscape ta cinye mini yammaci guda, kuma ba ta kai kyan na da ba. A ɓangaren haɗa bidiyo a waya ma, har yanzu ban samu wadda ta kai na kasuwa sauƙi ba. Shi ya sa ban ce ki goge komai yau ba. Hoton kek ko atamfar da kike tallatawa, ki gyara shi inda kika ga dama. Hoton yaro, hoton marar lafiya, takardar haihuwa, katin makaranta, da hoton da kika ɗauka ba lulluɓi a ɗakinki, waɗannan su ne nake roƙon a gyara su da abin da ba ya fitar da su daga waya.

Ki kuma kiyayi abu guda. Kyauta daban, buɗaɗɗiya daban. Manhajar kuɗi da wani ya fasa, yaro ya tura miki ya ce “Mama ga wadda ba a biya”, ta fi kowace haɗari, domin ba wanda ya san abin da mai fasawar ya cusa a ciki.

Ga abubuwa biyar da za ki iya yi yau da daddare bayan yara sun kwanta.

Na farko, ki yi gwajin jirgin sama. Ki danna alamar jirgi a wayarki don intanet ya katse, sannan ki buɗe manhajar gyaran hotonki ki gwada kowane ɓangare. Duk wanda ya ƙi aiki, alama ce mai ƙarfi cewa a waje ake yin sa.

Na biyu, ki shiga saitin ki duba izinin da kika bayar. Manhajar gyaran hoto ba ta da hujjar neman lambobin da ke wayarki ko wurin da kike. Sababbin wayoyi suna ba da zaɓin nuna wa manhaja hotunan da kika zaɓa kaɗai maimakon dukansu. Ki yi amfani da shi.

Na uku, ki kashe alamar wuri a kyamara. In tana kunne, hoto yana ɗauke da adireshin inda aka ɗauke shi a ɓoye. WhatsApp yana goge wannan bayanin in kin tura hoto yadda aka saba, amma in kin tura shi a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu, da bayanin yake tafiya.

Na huɗu, ki yi hattara da hoton tsiraicin yaro, ko da likita za ki nuna wa. Wayoyi da yawa suna ɗora hotuna a rumbun intanet da kansu. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Francisco da ya ɗauki hoton kumburin gaban ɗansa bisa buƙatar asibiti. Na'urar tantancewa ta Google ta ɗauke shi a matsayin hoton cin zarafin yara, aka rufe asusunsa, aka kai rahoto. 'Yan sanda sun bincika sun wanke shi, amma kamfanin ya ƙi mayar masa da asusun a lokacin. In matsalar kaciya ce ko ƙurajen gaba, kawo yaron asibiti ya fi.

Na biyar, kada ki haɗa fuskar yaro, cikakken sunansa da kwatancen gida a kati ɗaya. Kati yana yawo daga waya zuwa waya har hannun wanda ba ki gayyata ba. Ki tura kwatancen daban ga waɗanda za su zo.

In kina da tsohon asusu a wata manhaja, ki shiga ki goge abin da kika ajiye kafin ki cire ta, domin cire manhaja daga waya ba ya goge abin da ke rumbun kamfani. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ki damar neman a goge bayananki, ta kuma ce ana buƙatar amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro.

Ita kuwa mahaifiyar yaron nan mai ƙuraje, da ta dawo rigakafi na ja ta gefe na faɗa mata abin da ya faru, na ba ta haƙuri. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Sista, ai ni ke na ba, ban san waya tana da nata hannun ba.” Ta yafe mini. Amma tun daga ranar, duk hoton da zan gyara sai na fara danna alamar jirgin nan.

Ki yi gwajin ki gaya mana abin da kika gani, da sunan manhajar da ta tsaya miki. Sai dai don Allah, kada ki haɗo da hoton yaron. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu koma kan maganar gudawa da haƙoran yara.