Ƙurar da Ke Bin Ma'aikaci Gida

A shekarar 2010 yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta. Duwatsun zinariya ake niƙawa cikin gidaje, ashe cike suke da dalma, yara kuwa suna rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki.

Dalmar nan tana nan a rumfar mai gyaran batir. Yaron shago zai yi ta fama da ciwon ciki da kasala, a ce shawara ce, alhali gwajin jini ne ke nuna ta.

To, wa zai biya kuɗin gwajin? Mu dai a ganinmu maigidan shago ne, gama shi ke cin riba. Ya ajiye ruwa da sabulu, ya hana cin abinci a wurin narka dalma. Rigar aiki kuma a bar ta a shago, domin in ta je gida uwargida ce za ta kakkaɓe ta, da goyo a bayanta. Wanda aka sami dalma da yawa a jininsa, a sake masa aiki, kada a taɓa albashinsa.