Tsoron Duhu da Tsoron Tocila: Resident Evil 2 Tsakanin Zubin 1998 da na 2019

Gabatarwa

Garin Illela, wanda yake sama da kilomita 80 a arewacin birnin Sakkwato, gari ne da tsohon kaya yake samun rayuwa ta biyu. Tsakaninsa da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Shekaru da dama ta irin wannan hanya kayan gwanjon da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke gangarowa Nijeriya, tun daga tufafi da motoci har zuwa na'urorin da Turai ta gama yayinsu. Cikin na'urorin da suka daɗe suna aiki a Arewa bayan an yi watsi da su a can akwai PlayStation ta farko da ta biyu, waɗanda suka zama jarin shagunan gem, inda yara da samari suke biyan 'yan kuɗi su zauna a kan benci gaban talabijin. Mafi yawan abin da ake bugawa a irin waɗannan shaguna ƙwallon ƙafa ne. Sai dai akwai wani nau'in wasa da mutum ɗaya yake bugawa, sauran kuma su yi tsit a bayansa suna kallo, wato wasan tsoro da neman tsira, wanda jerin Resident Evil yake kan gaba a cikinsa.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne: sabon zubin Resident Evil 2 aiki ne nagari da ya cancanci yabo, amma bai isa ya sa a binne tsohon ba. Tsoron da tsohon yake haifarwa ya ginu ne a kan rashin gani da ƙarancin guzuri, abubuwa biyu da sabon ya sassauta, kuma mai wasa a gari irin Illela yana cikin waɗanda suka fi saurin gane bambancin.

Labari Ɗaya, Zubi Biyu

Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da Resident Evil 2 a watan Janairun 1998, a kan faifai biyu na PlayStation. Hideki Kamiya ne ya ba da umarni, Shinji Mikami kuma, wanda ya jagoranci wasan farko na 1996, shi ne furodusa. Labarin yana faruwa ne a wani dare na ƙarshen watan Satumba. Leon Kennedy, sabon ɗan sanda a ranarsa ta farko ta kama aiki, da Claire Redfield, ɗalibar da take cigiyar yayanta, sun shiga birnin Raccoon na Amurka, suka tarar wata ƙwayar cuta da kamfanin magunguna na Umbrella ya ƙirƙira ta mai da mazauna garin gawarwaki masu yawo suna cin naman mutane. Suka fake a hedikwatar 'yan sanda, daga nan suka shiga neman mafita.

A ranar 25 ga Janairun 2019 kamfanin ya fitar da sabon zubi, wanda aka sake ginawa daga tushe. Sunaye da wurare da ƙashin bayan labari suna nan yadda suke. A fagen ciniki ɗa ya wuce uba: tsohon ya sayar da kusan kwafi miliyan 5 a kan PlayStation, sabon kuwa ya haye miliyan 10 tun a 2022. Wannan nasara ita ce ta sa mutane da yawa suke ɗaukar cewa magana ta ƙare.

Gani da Ji

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. A sha'anin tsoro maganar tana da wata fuska, domin gani yakan kori tsoron ma baki ɗaya. A zubin 1998, ƙarfin na'urar bai kai ta zana ɗakuna masu motsi ba, saboda haka aka zana kowane ɗaki a matsayin hoto tsayayye, aka kafe kyamara a kusurwa guda. Mai wasa ba shi da ikon leƙa lungu. Yakan ji jan ƙafa da gurnani daga inda kyamarar ba ta haska ba, ya tsaya yana lissafin ko abin ɗaya ne ko uku. Kowace ƙofa kuma sai an nuna ta tana buɗewa a hankali cikin baƙin duhu. Dabara ce ta ɓoye lokacin da na'urar take karanta faifai, amma ta zama 'yan daƙiƙoƙin da zuciya take bugawa. Haka aka gabatar da halittar nan mai dogon harshe da ake kira Licker: giftawarta kawai ake fara gani ta taga, sai ɗigar jini a ƙasa, sannan a gan ta maƙale da rufi.

Wanda ya tashi da jin tatsuniya ya san wannan hikima. Mai ba da tatsuniya ba ta tsayawa ta siffanta Dodo gaɓa-gaɓa. Muryarta take kaurarawa, ta ce ya shinshina ya ji warin mutum, sauran aikin kuma duhun dare da zukatan yara su ƙarasa. Kowane yaro da irin Dodon da yake ginawa, daidai da abin da ya fi tsoro.

Zubin 2019 ya ɗauki salon da Resident Evil 4 ya yaɗa a 2005, inda kyamara take bin mai wasa a bayan kafaɗa, yana juya ta yadda ya so. An ba shi tocila, an nuna masa raunuka da ruɓewar nama dalla-dalla. Ƙyama ta ƙaru, zulumi ya ragu. Masu aikin sun lura da wannan giɓi, suka cike shi da ƙaton nan mai baƙin kwat da ake kira Mr. X. A tsohon zubi, sai a zagaye na biyu yake fitowa, a wuraren da aka tsara masa. A sabon kuwa yana sintiri a cikin ginin, yana bin ƙarar bindiga, ana jin takunsa ta saman bene kafin a gan shi. Wannan shi ne abu mafi ban tsoro a sabon wasan, kuma abin lura, ta kunne yake shiga. Ashe ko sabon zubin da ya so firgita mutane, ga ji ya koma. Illarsa ita ce yawan haɗuwa. Bayan 'yan sa'o'i Mr. X yakan tashi daga matsayin Dodo ya koma tamkar mai bin bashi, wanda ake kauce wa cikin gajiya.

Ƙarancin Guzuri

Ginshiƙi na biyu shi ne rashi. A zubin 1998 mai wasa yana farawa da gurabe 8 kacal na ɗaukar kaya, kuma bindiga da harsasai da mabuɗi da ganyen magani duk a cikinsu suke neman wuri. Ba a adana inda aka kai sai an sami tafireta, kuma tafiretar ba ta aiki sai da zaren tawada, wanda ƙididdigagge ne, shi ma yana cin gurbi. Ke nan adana wasa kansa shawara ce mai tsada: a kashe zare yanzu, ko a ƙara ɗaki biyu a yi kasadar rasa aikin sa'a guda?

A shagon da ya dogara da wutar da ba ta da tabbas da janaretan da mansa yake iya ƙarewa, wannan tambaya tana da nauyi biyu. Mai wasa yana tsoron abin da yake bayan ƙofa, yana kuma tsoron a ɗauke wuta kafin ya kai tafireta. Masu tsara wasan a Osaka ba su yi wannan lissafi ba, amma ƙa'idar da suka kafa ta dace da shi ƙwarai.

Sabon zubi yana adana wasa da kansa a matakan da aka saba bugawa, tafireta kuma kyauta ce. Gaskiya ne an bar zaren tawada a mataki mafi wuya ga mai so. Sai dai yunwar da mutum ya zaɓa wa kansa daban take da yunwar fari. Idan ƙunci ya zama zaɓi a jerin zaɓuɓɓuka, ya zama gwajin ƙwarewa, ya daina zama halin da aka tsinci kai a ciki.

Mutanen Illela ba baƙi ba ne ga rufaffiyar ƙofa. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020, lokacin da Illela ta kasance cikin iyakoki huɗu na farko da aka sake buɗewa. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, har zuwa Maris na 2024. Garin da kasuwarsa ta ranar Lahadi take rayuwa da shige da fice ya san yadda ake auna abin da ya rage a gida. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi sassan jihar. Mai tambaya zai iya cewa: me zai kai matashin da ya san tsoron gaske ga sayen tsoron ƙarya? Amsar tana cikin ƙa'idar wasan. Tsoro ne mai iyaka da doka, wanda haƙuri da tattali suke cin nasara a kansa. Wanda ya iya adana harsashi zai fita daga birnin Raccoon. Tsohon zubi ya fi sabon riƙe wannan alƙawari da gaske, domin shi ne bai yi wa mai wasa rangwame ba.

Inda Sabon Ya Yi Fice

Adalci ya wajabta a faɗi abin da shekaru 21 suka gyara. Sarrafa ɗan wasa a zubin 1998 yana da wuya, sai ya juya a tsaye kafin ya taka, kamar mota mai nauyi a ƙuntataccen lungu. Muryoyin 'yan wasan kuma sau da yawa suna ba da dariya a inda ake son tausayi. Sabon zubi ya ba mutanen labarin rai. Robert Kendo mai shagon bindigogi, wanda a tsohon zubi aka cinye shi cikin minti ɗaya, a sabon ya zama uba da yake tsare da ƙaramar 'yarsa wadda cutar ta riga ta kama, ya ja ta ciki ya rufe ƙofa. Ɗan sanda Marvin Branagh ma ya sami sararin da mutuwarsa take taɓa zuciya.

Duk da haka, a tsarin labari tsohon yana da abin da sabon ya kasa maidowa. Faifan nan biyu suna ba da zagaye huɗu, kuma abin da Leon ya ɗauka ko ya bari a wani ɗaki yana shafar abin da Claire za ta tarar. Labarai biyu ne da suke saƙe da juna a dare ɗaya. A sabon zubi zagaye na biyu kusan maimaici ne, su biyun suna buɗe ƙofofi iri ɗaya, suna yaƙar abokan gaba kusan iri ɗaya, har labarin yana saɓa wa kansa.

Wa Ke Riƙe da Tsohon Zubi?

A nan ne maganar ta wuce ɗanɗano. Sabon zubi yana buƙatar PlayStation 4 ko abin da ya yi daidai da ita, da sararin ajiya fiye da gigabait 20, wanda saukar da shi ta intanet kuɗi ne mai yawa ga ɗan makaranta. Tsohon kuwa faifai biyu ne, kuma PlayStation 2 ma tana karanta su. Saboda haka a wuraren da kayan gwanjo suke mulki, tsohon bai tsufa ba. A ƙasashen da aka ƙera shi ne ya kusa ɓacewa daga kasuwa. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Sai a 2024 aka dawo da tsohon Resident Evil 2 kasuwar kwamfuta ta dandalin GOG.

Manazarta adabin Hausa sun san darajar ajiye kowane zubi. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, kuma wani ɓangare na abin da ya tattara ya fito ne daga rubuce-rubucen ajami da Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya miƙa masa. Bayan kusan shekara 60 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni cikin Hausa mai santsi da ta dace da 'yan makaranta. Babu manazarcin da ya ce a yar da aikin Edgar tun da na Yahaya ya fi daɗin karatu. Ana jera su ne a ga abin da zamani ya ƙara da abin da ya zubar. Wasan bidiyo ma labari ne da ake sake faɗa, kuma ya shiga rayuwar matasan Hausa kamar yadda finafinan Indiya suka shiga kafinsa. Ya kamata a nazarce shi da irin wannan ido.

Kammalawa

Zubin 2019 ya nuna cewa ana iya sake faɗar tsohon labari da mutunci, har a ƙara masa abin da ya rasa. Zubin 1998 kuma ya nuna cewa gazawar na'ura tana iya haifar da hikimar da wadata take mantar da ita. Wanda ya buga sabon kaɗai ya san labarin birnin Raccoon, amma bai ɗanɗani tsayuwa a bakin ƙofa da harsashi uku da zaren tawada ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Shagunan da har yanzu suke kunna tsofaffin na'urori a garuruwan kan iyaka suna riƙe da wani yanki na tarihin wannan fasaha, ko da masu su ba su ɗauke shi haka ba. Abin da ya rage ga ɗaliban al'ada shi ne su isa waɗannan shaguna, su ji sunayen da yara suka laƙaba wa dodannin wasan da yadda suke ba juna labarinsa da Hausa, su rubuta, tun kafin na'urorin su mutu.