Sharhi: Kuɗin masaukin Makka daga Iware, tsakanin sauƙin 'yan canji da shaidar banki

Tun daga ranar 10 ga Yunin 2025, Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta daina bayar da bizar Umara sai an tabbatar da cewa maniyyaci ya kama masauki a otal mai lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta ƙasar. Haka kuma dole ne a yi rajistar yarjejeniyar masaukin a manhajar Nusuk Masar, wadda kamfanonin Umara da wakilansu na ƙasashen waje ke aiki da ita.

Wannan doka ta sauya matsayin kuɗin otal. A da, maniyyaci kan samu biza, ya isa Makka, sannan ya nemi ɗakin da ya dace da aljihunsa. Yanzu masaukin ne ƙofar bizar. Saboda haka hanyar da kuɗin masaukin ya bi daga Najeriya, da asusun da ya faɗa, da shaidar da ya bari, su ne ke yanke hukunci ko mutum zai yi tafiyar ko zai zauna a gida.

Tasirin wannan sauyi ya fi bayyana a garuruwa irin su Iware da ke Ƙaramar Hukumar Ardo Kola a Jihar Taraba, a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. Garin ya yi suna da kasuwar shanu, inda fatake ke lodin dabbobi zuwa kudancin ƙasar nan. Akwai dukiya a hannun mutanen wannan kasuwa, kuma da yawansu na da burin ziyartar Ɗakin Allah. Sai dai cinikin kara ya ginu ne a kan tsabar kuɗi, da amana, da bakin dillali. Aika kuɗi ƙetare ta banki kuwa ya ginu ne a kan takarda.

Yadda kuɗin ke tafiya

Idan mutum ya je banki a Jalingo domin biyan otal a Makka ko Madina, ba nairarsa ce ke tsallaka teku ba. Bankin zai aika umarnin biya ta hanyar SWIFT, ƙungiyar sadarwar bankuna da aka kafa a 1973, mai hedikwata a Beljiyam. Galibi ana biyan ne da dala, don haka umarnin kan ratsa ta wani bankin tsakiya a Amurka kafin ya isa bankin otal ɗin, wanda zai mayar da kuɗin riyal. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a kan riyal 3.75 ga kowace dala.

Bankin zai buƙaci takardar farashi daga otal ɗin, da cikakken sunansa, da lambar SWIFT ta bankinsa, da lambar asusu ta IBAN. A Saudiyya wannan lamba tana farawa da haruffan SA, kuma tana da gurabe 24. Kuskuren harafi ɗaya na iya sa kuɗi ya maƙale ko ya dawo bayan an zaftare masa caji.

Akwai kuma batun wanda zai ɗauki nauyin cajin hanya. A kan fom ɗin banki ana samun zaɓi uku: OUR, inda mai aikawa ke biyan komai, SHA, inda ake raba cajin, da BEN, inda ake cire shi daga kuɗin mai karɓa. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ba tare da yarjejeniya ba, kuɗinsa zai isa da giɓi, otal kuma na iya ɗaukar cewa bai cika biya ba.

Lokaci ma yana da nasa tarko. Irin wannan aike kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyar na aiki. Hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar, a Najeriya da Amurka kuwa Asabar ne da Lahadi. Ke nan kwanaki huɗu kacal, daga Litinin zuwa Alhamis, bankunan ɓangarorin ke buɗe a tare. Kuɗin da aka tura ranar Alhamis da yamma na iya kwana har mako na gaba, alhali a goman ƙarshe na Ramadan otal ba ya jiran kowa.

Abin da faɗuwar naira ta haifar

A ranar 14 ga Yunin 2023, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya haɗe kasuwannin canjin kuɗi wuri guda, ya bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Kafin ranar ana sayar da dala a hukumance a kan kusan naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500.

A ɗauki misalin ɗakin riyal 400 a kowane dare, na kwana goma. Jimilla riyal 4,000 ke nan, wato kimanin dala 1,067. A tsohon farashi kuɗin bai kai naira 500,000 ba. A kan naira 1,500 kuwa ya zama naira miliyan 1.6. Otal bai ƙara ko riyal ɗaya ba, amma adadin shanun da bafatake zai sayar domin biyan ɗaki guda ya ƙaru.

Aikin Hajji ya nuna girman matsalar a fili. A nan maniyyaci ba ya biyan otal da kansa. Yana zuba kuɗinsa ga hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa, ita kuma ta miƙa wa Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda ke aikawa Saudiyya ta hannun CBN. A Hajjin 2024, bayan an sanar da kujera a kan kusan naira miliyan 4.9, hukumar ta nemi maniyyata su ƙara kimanin naira miliyan 1.9 a watan Maris, duk da tallafin naira biliyan 90 da Gwamnatin Tarayya ta bayar. Dalilin shi ne an tara kuɗin da naira, za a biya da kuɗin waje, kuma tsakanin tarawa da aikawa naira ta zube. A 2025 kujerar shiyyar Borno da Adamawa ta haura naira miliyan 8.3.

Darasin ya shafi mai Umara shi kaɗai kamar yadda ya shafi hukuma: muddin kuɗin masauki na zaune a matsayin naira, farashin ɗakin bai tsaya ba.

Dalilin da ya sa ake guje wa banki

Ba a banza jama'a suka saba da hanyar bayan fage ba. A Yulin 2021 CBN ya daina sayar wa 'yan canji dala. A 2022 bankuna suka rage abin da za a iya kashewa a ƙetare da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka dakatar da shi baki ɗaya. Wanda ke son biyan otal a lokacin ba shi da zaɓi mai sauƙi sai ya nemi dala a kasuwar Wapa ta Kano, ko a Zone 4 ta Abuja, ko a hannun wakilansu a jihohi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya ƙara wa 'yan kasuwar dabbobi shakku game da bankuna.

Ta haka tsohuwar hanyar amana ta ƙara ƙarfi. Maniyyaci zai tura naira cikin asusun wani a Najeriya, abokin hulɗar wannan mutumin da ke zaune a Makka ko Jidda ya biya riyal a can. Hanyar tana da sauri, ba ta buƙatar fom, kuma sau da yawa tana tafiya lafiya domin mutanen sun san juna.

Rauninta yana fitowa ne ranar da aka samu saɓani. Shaidar da ke hannun maniyyaci ita ce ya tura naira ga wani mutum a cikin Najeriya. Babu sunan otal a jikinta, babu ranar shiga ɗaki, babu lambar rajista. Idan otal ya ce bai ga kuɗi ba, ko kuma ya kasance ba shi da lasisi, to biza ba za ta fito ba, kuma babu takardar da za a kai gaban hukuma. Araha ba ta ado.

Yanayin ya fara sauyawa. Tun a Yunin 2023 CBN ya amince wa masu asusun dala su aika har dala 10,000 a rana daga tsabar da suka zuba. A Yulin 2025 wasu bankuna, ciki har da GTBank da UBA da Wema, suka dawo da amfani da katin naira a ƙetare, kowanne da iyakarsa. A Oktoban 2025 kuma hukumar FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da ake ƙara sa wa ido, wanda ta shiga a Fabrairun 2023. Wannan mataki na iya rage tambayoyi da jinkirin da kuɗin da ya fito daga Najeriya ke fuskanta a bankunan tsakiya. Tazarar da ke tsakanin farashin banki da na kasuwar bayan fage ma ta ragu matuƙa idan aka kwatanta da 2022, wanda ke nufin ribar kauce wa banki ta yi ƙasa.

Banki ma ba garkuwa ba ne

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa duk kuɗin da ya bi ta banki ya tsira. Aiken SWIFT yana da wata siffa da 'yan damfara suka fi kowa sani: da zarar kuɗin ya shiga asusun mai karɓa, dawo da shi yana da wuya ƙwarai. Bankin mai aikawa zai iya neman a mayar, amma galibi sai mai karɓa ya yarda. A nan kati ya fi shi, domin kamfanonin kati suna da tsarin ƙalubalantar biya idan ba a samu abin da aka saya ba.

Shi ya sa masu zamba ke matsa wa mutane su biya ta tiransifa. A 2023 da 2024 an yi ta samun rahotannin yadda ɓarayin intanet ke kutse cikin asusun otal-otal da ke hulɗa da Booking.com, suna aika wa baƙi saƙo da sunan otal cewa za a soke ɗakinsu idan ba su sake biya nan take ba. Wasu kan sauya lambar asusu a jikin takardar farashi ta gaskiya. Wasu kuma kan tallata ɗakuna kusa da Harami a WhatsApp da Facebook a kan farashin da hankali ba zai ɗauka ba.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Asusun da ke ɗauke da sunan mutum maimakon na kamfani abin tuhuma ne. Haka otal da ke Makka amma lambar asusunsa ba ta fara da SA ba. Haka saƙon da ke sanar da sauyin asusu ba zato, ko wanda ke ba da wa'adin sa'o'i kaɗan. Dillalin shanu a Iware ba zai biya kuɗin sa bai duba haƙoransa da kofatonsa ba. Ɗakin da ke nesa da dubban kilomita ya fi cancantar irin wannan bincike, domin Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Inda nauyi ya rataya

Ga maniyyacin Umara, hanya mafi aminci ita ce ya bi ta kamfanin da ke da lasisin NAHCON, ya biya cikin asusun kamfanin, ya karɓi rasidi da sunan otal da ranakun zama a rubuce. Dokar 2006 da ta kafa hukumar ta ba ta ikon ba wa irin waɗannan kamfanoni lasisi da sa musu ido, don haka akwai inda za a kai ƙara. Wanda ya zaɓi biyan otal kai tsaye, ya kamata ya fara tabbatar da cewa za a shigar da masaukin cikin Nusuk Masar, ya kira otal ɗin ta lambar da ke shafinsa na hukuma domin tantance asusun, sannan ya karɓi kwafin saƙon SWIFT da lambar bin sawu daga bankinsa. Idan banki ya yi sakaci, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a CBN. Idan zamba ce, hurumin Hukumar EFCC ne.

Sai dai shawara kaɗai ba ta isa ba matuƙar hanyar halal ta fi ta bayan fage wahala. Fom ɗin banki da Turanci yake. Rassan da ke gudanar da harkar kuɗin waje sun taru ne a Jalingo. Mai POS da ke bakin kasuwa zai iya tura naira ko'ina a Najeriya cikin minti ɗaya, amma ba shi da ikon aika dala. Ɗan canji kuwa yana amsa waya da Hausa ko Fulatanci ko da tsakar dare ne.

Akwai matakan da ba sa buƙatar sabuwar doka. Bankuna za su iya bayyana jimillar caji da farashin canji kafin a sa hannu, su kuma ajiye ma'aikacin da zai yi bayani da harshen da abokin hulɗa ke ji. NAHCON da hukumar alhazai ta Jihar Taraba za su iya karanta sunayen kamfanonin da ke da lasisi a gidajen rediyo, su liƙa su a masallatan Juma'a da ofisoshin shugabannin kara kafin shigowar Ramadan, lokacin da masu neman Umara suka fi yawa. Shugabannin kasuwa da limamai, waɗanda maganarsu ke da nauyi, za su iya mayar da neman rasidi mai ɗauke da sunan otal al'ada, kamar yadda takardar cinikin dabba ta zama al'ada saboda gudun sayen kayan sata.

Saudiyya ta riga ta mayar da harkar Hajji da Umara kan manhaja, kuma manhaja ba ta san amanar da ke tsakanin maƙwabta ba, abin da aka shigar mata kawai take gani. Maniyyacin da ya sayar da garkensa ya biya ta hanyar da ba ta bar sawu ba, na iya rasa ɗakin, da bizar, da kuɗin a lokaci guda. Wanda ya jure wahalar zuwa Jalingo da ƙarin cajin banki, bayan ya tantance asusun da zai tura wa, ko da an samu matsala yana da takardar da zai riƙe ya nemi haƙƙinsa.