Agogon Ƙidayar Taku da Zargin Ciwon Kai: Inda Haɗarin Ɗan Kasuwa Yake

BAUCHI — Shekaru kaɗan da suka wuce, agogon hannun nan mai ƙidaya taku da auna bugun zuciya kaya ne na manyan ma'aikata da masu yawan zirga-zirga zuwa ƙasashen waje. A yau kuwa ya sauko kan teburin ƙaramin ɗan kasuwa. Daga unguwar Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar Bauchi, har zuwa kasuwannin Wunti da Muda Lawal, akan gan shi jere tare da caja da murfin waya da abin sauraro na kunne. Akasarinsa ƙirar ƙasar Sin ne, yana biyowa ta hannun manyan dillalan Ikeja a Legas ko na kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano kafin ya iso Bauchi.

Duk hajar da ake ɗaurawa a jiki dare da rana ba ta rabuwa da zargi, kuma zargin da ke bin wannan agogo shi ne wai yana haddasa ciwon kai, musamman ciwon ɓarin kai, wanda kan zo da tashin zuciya da ƙin haske. Ga mai shago maganar ba ta asibiti kaɗai ba ce. Idan mai saye ya dawo bayan mako guda ya ce tun da ya ɗaura agogon kansa ke sarawa, ya kuma nemi a mayar masa da kuɗinsa, to ɗan kasuwar na tsakanin asarar jari da asarar suna. Idan ya ƙi karɓa, labari zai zaga unguwa. Idan ya karɓa ba tare da bayani ba, ya amsa laifin da ba a tabbatar ba, sauran kayan da ke cikin kwali kuma su yi kwantai.

Masu harkar sadarwa a ƙasar nan sun san irin ɓarnar da jita-jita kan yi. Shekaru uku kacal bayan shigowar wayar salula ta GSM a 2001, aka baza labarin wasu lambobi da wai duk wanda ya amsa kiransu zai faɗi matacce, har sai da kamfanonin waya suka fito suka ƙaryata a 2004. A shekarar 2020 kuma aka ɗaura wa fasahar 5G alhakin cutar korona, alhali a lokacin ba a ma fara sayar da ita ga jama'a a Nijeriya ba. Saboda haka ya zama wajibi mai sayar da agogon ya san abin da aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba, tun kafin tambayar ta zo masa.

Abin da mutane suka fi tsoro shi ne igiyar rediyon da agogon ke fitarwa don ya yi magana da waya. Galibin waɗannan agoguna na amfani ne da fasahar Bluetooth mai ƙaramin ƙarfi, wadda ƙarfinta bai wuce 'yan miliwat ba, wato 'yan ɓangarori cikin dubu na wat ɗaya. Wayar salula irin ta GSM kuwa, wadda ake karawa a kunne, a jikin ƙoƙon kai, tana iya kaiwa wat 2 a lokacin da take neman layi. Ke nan mutumin da ya shafe shekara ashirin yana kara waya a kunnensa ya daɗe yana hulɗa da igiyar da ta ninka ta agogon wuyan hannunsa sau ɗaruruwa. Shi kuma koren hasken da ke ƙiftawa a bayan agogon, wanda wasu ke yi wa kallon wani abin asiri, ƙaramin ƙwan fitila ne da ke haska fata domin a gane hauhawa da saukar jini a jijiya, a ƙirga bugun zuciya.

An gwada wannan zargi a kan wayar kanta, wadda ta fi ƙarfi. A shekarar 2006, masu bincike a kwalejin King's da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin James Rubin, suka tara mutum 60 da ke cewa waya na sa musu ciwon kai, da wasu 60 da ba su da wannan koke. Aka riƙa ɗaura musu na'ura a kai, wani lokaci tana fitar da igiyar waya ta gaske, wani lokaci kuma ba ta fitar da komai, ba tare da su ko masu gwajin sun san wanne ne wanne ba. Masu koken sun yi ciwon kai, amma sun yi shi ko da igiya ko babu. Bayan haka, a 2010, aka tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje 46 da suka ƙunshi mutum 1,175, ba a kuma sami ƙwaƙƙwarar shaidar cewa igiyar ce ke kawo alamomin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki irin wannan matsayi tun 2005: ciwon da mutanen ke ji na gaske ne, sai dai babu hujjar kimiyya da ta danganta shi da igiyar. Tsammanin cutarwa kaɗai na iya sa kai ya yi ciwo.

Akwai masu kafa hujja da cewa a 2011 cibiyar binciken cutar daji ta hukumar, IARC, ta sanya igiyar rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar. Gaskiya ne ta yi hakan. Amma wancan hukunci ya dogara ne a kan 'yar shaidar da ta shafi yawan kara waya a kunne, kuma maganar cutar daji ake yi, ba ciwon kai ba.

Duk da haka, kuskure ne babba ɗan kasuwa ya ɗauki wannan bayani ya mayar da shi sandar korar mai saye. Mutumin da ya ce kansa na ciwo tun da ya sayi agogon ba lalle ne ƙarya yake yi ba, domin agogon na sauya ɗabi'ar mai shi, kuma ciwon ɓarin kai ciwo ne da ba ya son sauyi. Ƙiyasi ya nuna kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da shi, mata sun ninka maza kusan sau uku, kuma abubuwan da aka san suna tayar da shi sun haɗa da ƙarancin barci, da tsallake abinci, da ƙishirwa, da damuwa, da haske mai ƙarfi, da aikin ƙarfi na ba-zata. Agogon na iya jawo kusan kowanne daga cikinsu. Yana girgiza a wuyan hannu da tsakar dare duk lokacin da saƙon WhatsApp ya shigo, fuskarsa na haskawa idan mai barci ya juya, da safe kuma ya gaya wa mutum cewa barcinsa bai yi kyau ba. Likitocin barci a birnin Chicago na Amurka sun bayyana a 2017 yadda wasu marasa lafiya suka shiga damuwa kan makin barcin da na'urar ke ba su, har damuwar ta ƙara hana su barcin.

Sai kuma batun taku 10,000 a rana, wanda yawancin agogunan ke zuwa da shi a matsayin mizani. Wannan adadi ba daga littafin likita ya fito ba. Asalinsa sunan wata na'urar ƙidayar taku ne da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965, wato dabarar talla ce da ta zama tamkar doka. Tafiya a ƙafa abu ne mai amfani ko shakka babu. Amma magidancin da bai saba ba, ya ce sai ya cika wannan adadi a cikin zafin Maris da Afrilu na Bauchi, lokacin da ma'aunin zafi kan doshi 40, ko kuma da azumi a bakinsa, to ba ya buƙatar wata igiya kafin kansa ya sara.

A kasuwa ma akwai wasu masu laifin da ba a cika tuhuma ba. Hayaƙin janareta a rumfar da iska ba ta ratsawa na ɗauke da gubar da alamarta ta farko ita ce ciwon kai. Wanda ya saba da goro ko shayi ko kofi ya kan ji a kansa ranar da bai samu ba. Haka zalika maganin ciwon kan kansa: wanda ke shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a kowane wata na iya faɗawa cikin ciwon kan da yawan shan maganin ne ke riƙe da shi. Da yake agogon ne sabon abu a jikin mutum, shi ido ke fara gani.

Illolin da aka tabbatar a kan waɗannan na'urori a wani wurin suke. A 2014 kamfanin Fitbit ya janye samfurinsa na Force, kimanin guda miliyan 1 a Amurka, saboda ƙuraje da ƙaiƙayin da ya jawo wa fatar dubban mutane. A watan Maris na 2022 ya sake janye samfurin Ionic, kimanin miliyan 1 a Amurka da wajen 693,000 a sauran ƙasashe, saboda batirinsa na ɗaukar zafi har ya ƙona fata. Abin lura ga ɗan kasuwar Bauchi shi ne, wannan kamfani ne mai suna da adireshi, wanda hukuma za ta iya kira ya amsa. Agogon da ya zo a kwali marar sunan masana'anta ba shi da mai janye shi. Idan ya ƙona hannun wani, mai teburin da ya sayar ne kaɗai za a nema.

Amma haɗarin da ya fi kowanne girma yana bakin mai talla ne. Da yawa daga cikin agogunan masu araha na nuna lambobi da sunan awon hawan jini, wasu har da sukarin jini, kuma wannan ne abin da ke saurin sa dattijo ya zaro kuɗi. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a fili cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke ikirarin auna sukarin jini da kansa ba tare da huda fata ba. Shi ma awon hawan jini, ko a 'yan agogunan manyan kamfanoni da ke yin sa, galibi sai an riƙa daidaita su da na'urar asibiti mai matse damtse. A ƙasar da ake ƙiyasin kusan babba 1 cikin 3 na da hawan jini, da yawansu kuma ba su sani ba, agogon da ke nuna wa kowa lamba mai daɗin ji ba abin wasa ba ne. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, ya dubi wuyan hannunsa ya ga lafiya lau, ya fasa zuwa asibiti. Mai ciwon sukari zai iya rage ko ƙara magani bisa lambar da ba ta da tushe. A nan agogon bai haddasa ciwon kai ba, ya dai rufe bakin ciwon da ya kamata a saurara.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko na yaudara a kan haja, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da ke da aibi. Hukumar sadarwa ta NCC ce ke da alhakin tantance na'urorin da ke fitar da igiyar rediyo, NAFDAC kuma ita ke rajistar kayan aikin likita. Wanda ya sayar da agogo da sunan na'urar awon jini ya shigar da kansa hurumin da ba shi da takardarsa. Sanin kowa ne cewa jami'an waɗannan hukumomi ba sa iya bin kowane tebur, shi ya sa nauyin ya fi komawa kan manyan dillalai masu shigo da kaya da kuma ƙungiyoyin masu sayar da waya, waɗanda ke da ikon da hukuma ba ta da shi a cikin kasuwa. Kamata ya yi su hana 'ya'yansu tallar awon sukari da hawan jini, su kuma nemi dillali ya amince da karɓar kayan da suka lalace cikin wani wa'adi, ko da ribar kowane agogo za ta ɗan ragu. Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023 jarin kayan waje ya yi tsada, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ƙarfin ɗaukar asarar kwali guda shi kaɗai.

Shi kuwa mai saye da ya dawo da koken ciwon kai, akwai abin da za a gaya masa wanda ba musu ba ne kuma ba amsa laifi ba. Ya kashe girgizar saƙonni, ya cire agogon idan zai kwanta, ya sassauta maɗaurin, ya rage adadin takun zuwa abin da jikinsa ya saba. Idan ciwon bai lafa ba, ya ajiye agogon gaba ɗaya na mako biyu, yana rubuta ranakun da kan ya yi ciwo tare da abin da ya ci da yadda ya yi barci. Wannan takarda za ta fi amfanar likita fiye da duk lambobin agogon. Mai shagon da ya yi alkawarin karɓar kayansa bayan wannan gwaji ba kasafai zai yi asara ba. Idan kuwa ciwon ya zo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ko da mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko dishewar gani, to ba maganar mako biyu ba ce. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, batun kuɗin agogo a yi shi daga baya.