Lafiyar Iyali: In Zuciya Ta Rikice Bugu, Kada Mu Ɗauko Kanwa

Masu karatu, a wannan wata za mu yi magana a kan bugun zuciya. Zuciyar babban mutum in yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, bi da bi, ba tsallake. Abin da ke riƙe wannan tsari wasu irin gishiri ne da ke cikin jini. Manyansu su ne fotasiyam da magnesiyam. In suka yi ƙaranci, sai zuciya ta fara tsalle, ko gudu, ko ta riƙa ɗan tsayawa.

Ta yaya mukan rasa su? Hanya ta fari ita ce amai da gudawa. Mu mutanen Bakori da Funtuwa da Malumfashi ba mu manta da annobar da ta ratsa Jihar Katsina a daminar 2021 ba. Mai gudawa yana zubar da ruwa, kuma fotasiyam na bin ruwan. Hanya ta biyu ita ce ƙwayar sa fitsari irin su Lasix, wadda ake ba masu kumburin ƙafa da masu ciwon zuciya. Shan ta ba tare da likita na dubawa ba yakan kwashe gishirin nan.

A asibiti, in aka kawo mutum zuciyarsa ta rikice, sukan sa masa na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, su kuma auna jininsa. Fotasiyam na lafiyayye yana tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'auninsu. In ya sauka, sai su sa shi cikin ƙarin ruwa, yana ɗiga a hankali. Akwai wani mugun rikicewa kuma da allurar magnesiyam ta jijiya ke kwantar da shi. Amma mu lura: fotasiyam in ya yi yawa shi ma yana tsayar da zuciya, balle ga mai ciwon ƙoda. Saboda haka ba abin saye ba ne a kemis a sha da ka.

To, ina batun kanwa? Turawa sun laƙaba mata suna fotash, har wasu 'yan boko suka ɗauka fotasiyam ce. Ba haka ba ne. Yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne, ɗan'uwan gishirin miya, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya kaya. A 1978 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun buga bincikensu a kan masu jego da zuciyarsu ta gaza, suka zargi yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jego da ke haki, ko ƙafafunta suka kumbura, asibiti take bukata.

Ga abin da za mu iya yi a gida. Mu ajiye ƙullin ORS tun kafin damina. Ƙulli na lita ɗaya yana da giram 1.5 na gishirin fotasiyam, abin da haɗin gishiri da sukari na gida ba shi da shi. Mu dama shi da yawan ruwan da aka rubuta a jiki, ruwan kuwa tafasasshe. Mu riƙa ba mara lafiya ayaba da lemu da wake da dankali da alayyafo da gyaɗa.

Amma in zuciya na tsalle tare da jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, kada mu jira gari ya waye. Mu nemi mota zuwa babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, mu tafi da dukan magungunan da yake sha a nuna wa likita. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mu asibitin koyarwa na Shika.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.