Kafin A Sa Wa Tsohuwar Tarakta Pawa Sitiyari

Da yawa daga cikinmu 'yan kara muna da tsohuwar tarakta a gida, ita ke jawo mana tankin ruwa daga dam da rani, ita ke kwaso harawa da bambaron shinkafa ma shanun da ke jiran mota zuwa Kumasi ko Ashaiman. Mafi yawansu Massey Ferguson 135 ne, mai injin Perkins silinda 3, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975. Tamale ta saba da taraktoci tun zamanin noman shinkafa na Operation Feed Yourself da Acheampong ya kawo a 1972.

To, yanzu yayi ya shigo. Direba ya yi kukan kafaɗa, sai maigida ya ce a je a sa pawa sitiyari. Ni dai ra'ayina, a dakata tukuna.

Tauri da wasan sitiyari ba duka ne laifin tsufan ƙira ba. A ɗaga gaban taraktar da jak, a girgiza ƙafa. Sau tari za ka iske kawunan tayarod sun cinye, fil ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa ya bushe ba giris, akwatin sitiyari kuma rabonsa da mai tun mai ita na farko. Ga tayar gaba ba iska. In an gyara waɗannan, rabin kukan ya tafi, kuɗin kuma bai kai na ɗan maraƙi ba. Amma in ka ɗora ƙarfin mai a kan ƙarfen da ya ci, ka ɓoye ciwon ne kawai. Hannun direba ya daina jin wasan, ƙarfin da ke tura tayarod ɗin kuwa ya ƙaru, ranar da zai fita ba zai yi sallama ba.

Wanda ya gyara kuma har yanzu yana son pawa, ya sani iri biyu ne, fita ba kullum yake faɗa maka ba. Akwai wanda ake ƙara famfo da silinda su taimaka, sandar ƙarfen da ta haɗa sitiyari da ƙafa tana nan daram. Tiyo ya fashe, sitiyari ya yi nauyi, amma yana juya ƙafa. Akwai kuma wanda ake cire sandar gaba ɗaya, mai kaɗai ke aiki ta cikin tiyo. Wannan ya fi laushi, da yatsa ma ka juya, shi ya sa yara ke sonsa. In injin ya mutu yana ɗan juyuwa da ƙyar, amma in man ya tsiyaye, wallahi abin da ke hannunka faranti ne kawai.

A gona wannan da sauƙi, ka tsaya. Mu kuwa aikinmu a kan kwalta yake. Ku duba hanyar Savelugu ko ta Yendi da sassafe: tanki cike, nauyinsa ya danne bayan tarakta, gabanta ya yi sakayau, ga yara uku huɗu zaune a kan tirela, ga manyan motocin Bolga suna wucewa. Ruwa lita 3,000 tan 3 ne, ya fi ita taraktar nauyi. A nan ne nake cewa a bar mana sandar ƙarfenmu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗe-haɗe. A ciro famfon wata mota daga Magazine ta Suame, a yanke tayarod a yi masa walda, a ɗaure tiyo da waya kusa da salansa. Famfon da ƙarfinsa ya wuce na silinda yana lanƙwasa ƙarfe ko ya fasa tiyo, kuma walda a sandar sitiyari ba ta nuna tsagewa sai ta rabu.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya, duk taraktar da za a ba hayar jigilar ruwan kara, a ɗaga gabanta a duba kafin watan Disamba ya shigo. Wadda aka samu da walda a tayarod, a ce wa mai ita ya sauya sabo kafin a ba shi aiki.